Dokokin Janar Sha'ibu da Madubin Moto

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a kasuwar Malanville ya san Sha'ibu dillali, in bai san fuskarsa ba to ya san muryarsa. Shekara ashirin yana kan kujera ɗaya a bakin rumfarsa, cikin farar riga, yana nuna buhu da tsinin takalmi. Babban abin tinƙahonsa shi ne tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ɗora buhu a ka ba. Yakan buɗe tafin hannunsa ya nuna wa mutane laushinsa, ya ce wannan hannun na ba da umarni ne. Rumfata tana jikin tasa, saboda haka na ga tafin hannun nan fiye da yadda na ga nawa.

Ana nan sai Madam Karimatu ta buɗe siber a bayan tasha, ɗaki ɗaya da kwamfuta huɗu, biyu a jikin bangon gabas, biyu a jikin na yamma, masu zama suna ba juna baya. Da farko wasiƙu ake bugawa. Daga baya aka sa wani wasan yaƙi wanda muka laƙaba wa suna Cin Gari. Kowa ana ba shi ɗan ƙauye da talakawa kaɗan. Kai za ka tura su saran itace da noma da haƙar zinariya, da abin da suka tara ka gina gari, ka ɗauki sojoji, ka je ka rushe garin abokin gaba. Ba kamar dara ba ne da ake jiran mutum ya gama tunani. Kowa na yin nasa a lokaci ɗaya, wanda ya tsaya susar kai sai ya tarar da garinsa ya zama toka.

Cikin sati biyu da fara wasan Sha'ibu ya naɗa wa kansa sarautar Janar. Gaskiyar magana, wadda duk muka sani, bai taɓa ci ba ko sau ɗaya. Amma kowace faɗuwa da dalilinta. Yau an kai masa hari tun bai shirya ba, gobe wani ya leƙa kwamfutarsa, jibi 'yan kallo sun cika shi da surutu. Ranar da dalilan suka ƙare ya ce fanka ce take kaɗa masa ido.

Akwai wani ɗan dako, Kadiri, mutumin Garou, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar wa Sha'ibu kaya. Ba shi da yawan magana. Shi ke kawo wa Madam man injin wuta, ita kuma in babu mutane takan bar shi ya zauna ya taɓa wasan. Ran nan Sha'ibu ya shigo ya tarar da shi a kujerar da ya saba zama, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a gaban jama'a kan da ya saba da buhu ina shi ina dabarar yaƙi. Na-Allah mai kabu-kabu ne, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya ce to a gwada mana.

Nan take aka ƙulla. Biyu da biyu, ranar Laraba bayan la'asar, Sha'ibu da Issufu tela a gefe ɗaya, Kadiri da Na-Allah a ɗaya gefen. In su Kadiri suka faɗi, Kadiri zai riƙa sara wa Sha'ibu yana kiransa Janar duk inda suka haɗu har ƙarshen shekara. In kuwa su Sha'ibu ne suka faɗi, ranar Asabar da kasuwa ke cika Sha'ibu zai ɗauko buhun albasa a ka daga inda manyan motoci ke sauke kaya har rumfarsa, Kadiri yana zaune a kujerarsa. Sha'ibu ya ce ya yarda, ko buhu goma ne, tunda ba ɗauka zai yi ba. Issufu dai ba a tambaye shi ba. Wucewa yake yi da almakashi a hannu aka sa shi a yaƙi.

"Amma hwa da sharaɗi," in ji Sha'ibu. "Wanga karo da doka za a yi, kuma ni ka rubuta ta. Ku ba ku san yadda manya ka yaƙi ba."

Takarda ta yi wa dokokinsa ƙanƙanta. Ya sa Issufu ya yanko farin ƙyalle mita biyu, ya zauna da shuɗiyar tawada ya cika shi, aka kafe a bangon siber. Ta ɗaya, babu hari sai bayan minti ashirin. Ta biyu, wanda ya tashi daga kujera kafin a gama ya faɗi. Ta uku, wanda ya waiwaya ya faɗi. Ta huɗu, babu magana, ko daga 'yan wasa ko daga 'yan kallo, mai abin faɗa wa abokinsa ya rubuta masa a kwamfuta. Ta biyar, a kashe fanka. Ta shida, wanda ya faɗi ya miƙe ya ce an fi shi da Hausa da Dendi da Faransanci. Ta bakwai ya rubuta ta da manyan baƙaƙe har tawada tana zuba: wanda aka kama yana leƙen kwamfutar wani, hukuncinsa ya ninka uku.

Madam Karimatu, wadda aka naɗa alƙaliya, ta karanta ta ce tsakani da Allah dokokin ba su da laifi, ban da ta fanka. Sha'ibu ya ce ai ita ce uwar dokokin. Kadiri ya sa aka karanta masa sau biyu, ya gyaɗa kai ya ce ya ji.

Ranar Talata Sha'ibu ya biyo ta ƙofar siber kamar mai wucewa, ya tsaya ya ga Kadiri ya share garin wani malamin makaranta kafin shayin malamin ya huce. Ya tuna nauyin buhu, ya tuna Asabar, ya tuna yawan mutanen da ya nuna wa tafin hannu. Kafin ya kai gida dabara ta zo masa. Doka ta hana waiwaye, amma ba ta hana mutum kallon gabansa ba. Leƙe kuwa, a fatawarsa, sai an kama mutum yake zama leƙe.

Washegari da hantsi, Na-Allah ya jingine motonsa, wato babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, ya shiga rumfar mai abinci. Sha'ibu ya tsaya a jikin moton kamar yana gyara takalmi, ya kwance madubi ɗaya ya jefa a aljihu. Har yau yana cewa aro ya yi, mai abin ne kawai bai sani ba.

Matarsa Mairo ta same shi a tsakar gida ya ba ƙofa baya, yana hango ta a cikin madubin. Ta tambaye shi yaushe ya sayi moto da har ya fara da madubi. Ya ce gemu zai gyara.

"Malam, gemun naka a ƙeya yat tsiro?"

Ya ce mata wannan harkar soja ce, ba ta shafe ta ba. Ta ce to, bari ita ma ta ajiye man zafi kusa saboda Asabar.

Bayan la'asar ƙofar siber da tagarta suka cika. Masu albasa, 'yan dako, 'yan kabu-kabu, har da mata biyu masu shinkafa daga Garou da suka ce ba za su koma ba sai sun ga ƙarshen abin. Sha'ibu ya iso da buhunan algarara biyu tsofaffi, ya rataye ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa, ya ce saboda idon mahassada. Cikin wannan ɗan ɗaki nasa ya jingina madubin a jikin kwamfuta, daidai inda zai hango ta Kadiri da ke bayansa. Don ya nuna wa jama'a hankalinsa a kwance yake, kafin ya zauna ya sha shayi kofi uku, ya bi da gorar zoɓo guda a tsaye.

Na-Allah ne ya zo ƙarshe, yana huci. Jandarma sun tsare shi a hanyar Guéné saboda rashin madubi, ya yi ta rantsuwa yana ba da haƙuri kafin su sake shi. Ya sha alwashin in ya kama wanda ya kwance masa shi sai ya sa shi ya haɗiye ɗayan. Daga bayan buhu Sha'ibu ya jajanta masa, ya ce ɓarayi sun yi yawa a garin nan, mutum ya riƙa lura da kayansa.

Madam ta kashe fanka, ta ce a fara.

Filin wasan kogi ne a tsakiya da gada biyu, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Garin Sha'ibu na ƙasa ta hagu, na Issufu na ƙasa ta dama, su Kadiri suna tsallake. Wani ya raɗa cewa kamar mu da garin Gaya da ke tsallaken kogi, Madam ta harare shi ya yi shiru. Daga ƙofa muna ganin kwamfutar Kadiri, muna ganin ta Issufu, ita kuma tana nuna garin abokinsa, saboda haka babu abin da ya ɓuya mana sai fuskar Janar.

Minti ashirin ɗin nan na zaman lafiya Kadiri ya yi su ne yadda ya san aiki. Ya gina rumbu a bakin daji don hanya ta gajarta, ya jera talakawansa, babu mai dawowa hannu banza, babu mai tsayuwa. Abin da ya shigo kuma ba ya kwana, nan da nan ya zama soja.

Sha'ibu kuwa ya gano cewa a cikin wasan akwai kasuwa, inda farashin itace da hatsi ke hawa da sauka. Shi ke nan, jinin dillanci ya motsa. Ya cika rumbuna ya ƙi sayarwa, yana jiran kaya su yi tsada kamar albasa a damina. Soja kuwa ya ƙi ɗauka, don a ganinsa soja ci kawai yake yi. Abin da ya yarda ya kashe wa dukiya shi ne wani ƙaton gida a tsakiyar gari, da tuta a kansa. Da minti ashirin suka cika yana da rumbuna tara cike fal da sojoji goma sha biyu.

Ga zafi, ga babu fanka, ga ƙurar tsohon buhu a hanci ta ko'ina. Sai muka ji atishawa ta fashe a bayan algarara. Aka yi ta biyu, aka yi ta uku, buhunan suna rawa. Madam ta yanke hukunci cewa atishawa ba magana ba ce, amma kada ta wuce goma. Kowace ɗaya sai ta ɓata masa madubin, sai ya goge da hannun riga. Ana cikin haka zoɓo da shayi suka fara neman hanyar fita. Daga ƙasan buhu muna ganin ƙafafunsa suna ta harɗewa suna warwarewa, doka ta biyu kuma tana kallonsa daga bango.

Can ya goge madubin ya duba, ya ga rundunar Kadiri ta fito a jere, dawakai a gaba, masu baka a baya, ta nufi gadar dama. Ya yi murmushin da ya daɗe bai yi ba. Ya buɗe rumbunan nan da ya ƙi taɓawa, ya kwashe talakawansa kaf da sojojinsa goma sha biyu, ya tura su gadar dama. Suka gina ganuwa a bakinta, suka ƙara wata a bayanta, ko ƙofa bai bari ba.

Abin da bai lura da shi ba shi ne rundunar Issufu ta riga ta haye wannan gadar don ta ɗanɗana Na-Allah. Ta ɗanɗana ta ji da zafi, ta juyo da gudu, ta tarar da ganuwar abokinta. Issufu ya buɗe baki, ya tuna doka ta huɗu, ya rufe. Ya rubuta a kwamfuta, buɗe. Ya sake rubutawa, Sha'ibu buɗe. Ya rubuta, don girman Allah. Idon Janar na cikin madubi. Muna kallo Na-Allah ya tsince sojojin Issufu ɗaya bayan ɗaya a gindin ganuwa, Issufu ya cire hularsa ya cusa a baki. Mu ma a ƙofa kowa ya toshe bakinsa da riga, ɗaya daga matan Garou ta tsuguna tana dukan ƙasa ba sauti.

To, akwai abin da duk macen da ke ɗaura kallabi ta sani, duk ɗan kabu-kabu ya sani, Janar ne kaɗai labarin bai kai masa ba: madubi yana mai da hagu dama. Rundunar Kadiri tana kan gadar hagu, wadda ke bakin ƙofar garin Sha'ibu. Babu ganuwa, babu soja, babu ko mai saran itace. Suka shiga kamar masu shiga kasuwa ranar da ba ta ci. Da rumbunan suka fara.

Sha'ibu ya sauke ido kan kwamfutarsa don ya yaba ganuwarsa, ya ga ƙaton gidansa yana ci da wuta, tutar ta faɗi. Ya dubi madubi, ya dubi kwamfuta, ya sake duban madubi. Sai ya zabura ya miƙe, ya juyo, ya buɗe murya, ya karya doka ta biyu da ta uku da ta huɗu cikin numfashi ɗaya.

"Maguɗi anka yi! Ta gadar dama sunka biyo, da idona na gan su!"

Madam Karimatu ta gyara gyalenta a hankali.

"A ina ka gan su, Janar?"

Ya ce dabarar soja ce. Ya ce jikinsa ne ya ba shi. Ya fara cewa mafarki ya yi tun shekaranjiya, sai atishawa ta goma sha ɗaya ta zo, ya dafa buhu, buhun ya tsinke, madubin ya sulluɓo ya faɗi a tsakiyar ɗaki ya tsaya daf da ƙafar Na-Allah. Na-Allah ya ɗauka, ya juya bayansa, ya ga jan zaren da matarsa ta ɗaura masa. Ya goge shi a riga ya ce wa madubin sannu da dawowa.

Dariyar da aka danne kusan awa guda ta fashe gaba ɗaya, har masu jiran mota a tasha suka rugo su ga wa ya mutu. Sha'ibu ya ce a sake wasa, domin madubin lalatacce ne, ƙarya yake nunawa. Na-Allah ya ce shekara huɗu yana bin hanyar Madécali da shi bai taɓa yi masa ƙarya ba. Issufu ya ciro hula daga baki ya tambayi abu ɗaya tak, wai me ya sa babu ƙofa. Kadiri kuwa duk hayaniyar nan bai tashi ba, bai juyo ba, sai da ya ɗaga hannu Madam ta ce masa an gama, sannan ya sauke numfashi ya miƙe.

Madam ta karanta doka ta bakwai da ƙarfi, tana bin baƙaƙen da yatsa, ta ce buhu uku ke nan. Ta karanta ta shida. Sha'ibu ya ce an fi shi da Hausa, murya ƙasa-ƙasa. Ya faɗa da Dendi, sai na kusa suka ji. Na Faransancin a guje ya ƙarasa shi, ya riƙe mara ya nufi bayan gida.

Ranar Asabar da safe ya tashi da ciwon wuya. Mairo ta miƙa masa man zafin da ta ajiye, ta ce ya shafa a hanya. Kafin ya iso, Madam ta riga ta rataye ƙyallen dokoki a jikin rumfarsa don shaida, Kadiri kuma yana zaune a bakin-bakin kujerar, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Kasuwa ta cika har ba wurin sa ƙafa, rabin mutanen kuma ba albasa suka zo saya ba.

'Yan dako huɗu suka ɗaga buhu suka ɗora masa a tsurar kai. Ya yi taku goma yana tangaɗi, ya waiga ya ga ko ana kallonsa, buhun ya rinjaye shi ya zauna daɓas cikin farar riga, albasa tana gangarawa ƙarƙashin motoci. Na yi dariya har hawaye, ba zan ɓoye ba. Amma da na ga fuskarsa, ya rasa inda zai kalla, sai na daina dariyar. Na ji tausayinsa, na kuma ji kunyar kaina, don shekara ashirin ina kallon mutane suna ɗaukar buhun nan ban taɓa tambayar nauyinsa ba.

Kadiri ya tashi daga kujerar. Ya ciro ƙyallen dokokin daga jikin rumfa, ya ratsa jama'a, ya murɗe shi, ya naɗe shi ya zama gammo, ya ɗora wa Sha'ibu a ka. Ya taya aka tsince albasar aka ɗinke bakin buhun, aka sake ɗorawa. Ya ce masa ya miƙe wuya, ya gajarta taku, ya bar nauyin ya sauka ta ƙashin baya.

"Maigida, kada ka waiwaya," in ji shi. "Doka ta uku."

Haka suka yi sawu uku, Kadiri yana gefensa, hannu ɗaya a gindin buhun duk inda hanya ta yi gargada. Masu dariya suka ragu, a sawu na ƙarshe har 'yan dako suna buɗe masa hanya suna yi masa sannu irin wadda suke yi wa junansu. Da ya sauke na uku ya zube a ƙasa a gaban kujerarsa, bai ko yi yunƙurin hawa ba. Gumi ya jiƙa gammon, tawada ta narke ta gangaro masa a goshi har gemu, duk ya zama shuɗi. Kadiri ya miƙa masa ruwa, ya karɓa da hannu biyu.

Da numfashinsa ya dawo ya ciro gammon daga kansa, ya juya shi, ya ɗaga shi sama don kowa ya gani.

"Kun gani ko? Ba don dokokina ba, da wuyan ga ya karye."

Ita ce gaskiya ta farko da na taɓa ji daga bakinsa, kuma ko Na-Allah bai musa ba.